Yadda Ake Kiwon Baji, Daga Haɗa Aure Zuwa Gaban Alƙalin Gasa

Baji ƙaramin tsuntsu ne daga dangin aku, mai doguwar wutsiya irin ta tsirya, sai dai bai kai ta girma ba. Asalinsa daga busassun filayen Ostireliya ne, inda yake yawo cikin babban garke yana bin 'ya'yan ciyawa, kuma launinsa na daji kore ne da rawayar fuska da baƙin zane a baya. A shekarar 1840 wani masanin tsuntsaye ɗan Ingila mai suna Jon Guld ya kai shi ƙasarsu da rai, daga nan kiwonsa ya bazu a Turai, har aka riƙa samun shuɗi da fari da rawaya da ruwan toka. A yau iri biyu mai kiwo zai tarar. Akwai ƙaramin na gida, wanda tsawonsa santimita 18 ne, nauyinsa kuma tsakanin giram 30 da 40. Akwai kuma babban na gasa da ake kira na Ingila, mai faɗin kai da cikar gashi, wanda ake so tsawonsa ya kai santimita 21 da rabi. Hanyar kiwonsu ɗaya ce, amma na gasa ya fi tsada, ya fi laulayi, ƙwansa kuma ya fi yawan fitowa fanko, saboda haka shawarata ga mai farawa ita ce ya yi shekara guda da ƙananan tukuna, ya gama kurakuransa a kansu.

Na daɗe a wannan kiwo, kuma kusan duk asarar da na yi ko na ga wani ya yi, gaggawa ce ta jawo ta: mutum ya sayo tsuntsaye yau, gobe ya rataya musu akwatin ƙwai. A tsarin da zan bayyana, akwatin nan sai an gama shirya komai ake rataya shi.

Kayan da ake buƙata

Keji iri biyu ake tanada. Na farko babban kejin shawagi ne, inda tsuntsaye ke zama a lokacin da ba sa ƙwai, kuma tsawonsa ya fi tsayinsa amfani domin baji a miƙe yake tashi. Mita ɗaya da rabi zuwa biyu ya wadaci tsuntsaye goma sha biyu. Na biyu kejin aure ne, na namiji ɗaya da mace ɗaya, mai faɗin santimita 60 zuwa 75, tsayi 45, zurfi 40. Kowane kafinta zai haɗa shi da katako da ragar waya, sai dai ka tsaya a kansa kada tazarar wayar ta wuce milimita 12, in ba haka ba ɗan tsako zai cusa kai ya maƙale, ɓera kuma ya sami hanya. Sabuwar raga tana zuwa da farin garin zinki mai cutar da tsuntsun da ke gwaguyarta, don haka a goge ta da buroshi da ruwan kal, a ɗauraye, a shanya kafin a zuba tsuntsu.

Akwatin ƙwai na katako ne, tsawonsa kamar santimita 22, faɗi 15, tsayi 18, da ƙofar shiga zagayayyiya mai faɗin santimita 5, da murfin da za ka iya buɗewa daga wajen keji. A ƙasansa ake sa katako mai kauri da aka rarake tsakiyarsa kamar ɗan akushi, faɗin ramin santimita 10 zuwa 12, zurfinsa ɗaya da rabi. Baji ba ta kai ciyawa sheƙa kamar tattabara, a daji ma cikin kogon itace take ƙwai, kuma ramin nan ne ke tara ƙwan wuri ɗaya a ƙarƙashinta. Wanda bai sami akwati ba yana iya amfani da ƙaramar tukunyar ƙasa irin ta tattabarai. Tana da sanyi a lokacin zafi, cikinta kuma a zurme yake, amma duba ƙwai da wanke ta suna da wuya, don haka a fasa mata ƙofa ta biyu da hannu zai shiga, a yi mata marufi.

Sandunan tsayuwa a yi su da reshen gwaiba ko na bishiyar turare, masu kaurin ɗan yatsa, kuma a ɗaure su tamau. Sandar da ke juyawa ko lilo tana hana barbara kamawa, kuma na sha ganin an zargi namiji da rashin haihuwa alhali laifin sanda ne. Sauran kayan su ne kwanukan abinci da na ruwa, dusar katako mai manyan ɓarɓashi wadda ba ta taɓa fenti ko magani ba, tocila, kwalbar feshi da ba a taɓa zuba maganin ƙwari a ciki ba, ƙaramin hantsaki, zobban ƙafa, ɗan keji guda na killacewa da jinya, sai littafi da biro. Littafin nan kada a raina shi, domin bayan shekara biyu babu wanda zai iya riƙe wa ya haifi wa da ka.

Mataki na 1: Zaɓen wuri

A ajiye keji a inuwa mai iska, inda hasken safe ke taɓawa amma ranar azahar ba ta kaiwa, nesa da kicin da hayaƙin janareta. Huhun tsuntsu ba ya jure abin da namu ke jurewa: maganin sauro na hayaƙi, feshin fiya-fiya, har turaren wuta mai yawa, kowannensu na iya kashe keji guda a dare ɗaya. A ɗaga kejin daga ƙasa mita ɗaya, a tsoma ƙafafunsa cikin gwangwani mai ruwa ko baƙin mai saboda tururuwa da kiyashi, waɗanda ke iya cinye ɗan tsakon kwana biyu kafin gari ya waye. Kyanwa ko da ba ta kama komai ba, hawanta kan keji da dare ya isa ya sa mace ta tashi daga kan ƙwai ta kasa komawa cikin duhu.

Mataki na 2: Sayen tsuntsaye da tantance namiji da mace

Ka tsaya nesa kaɗan da kejin mai sayarwa ka yi kallo na minti goma kafin ka nuna wanda kake so. Lafiyayyen baji gashinsa a kwance yake luf, idonsa tar, yana tsalle yana surutu. Wanda ya kumbura gashi yana gyangyaɗi da rana, ko wutsiyarsa na sama da ƙasa da kowane numfashi, ko duburarsa ta ɓaci da kashi, ka bar shi ko da kyauta ne. Idan ka riƙe shi, ka shafa ƙirjinsa: in ƙashin tsakiya ya fito kamar bakin wuƙa, ramammen tsuntsu ne.

Jinsi ana gane shi ne a fatar da ke saman baki, inda ƙofofin hanci suke. Ta baligin namiji shuɗiya ce mai sheƙi, ta mace kuwa fara-fara ce ko ruwan ƙasa, kuma takan yi duhu da kaushi in ta shirya ƙwai. A ƙanana abin ya fi rikitarwa: ta namiji ruwan hoda ce mai sirkin shunayya, launi ɗaya ko'ina, ta mace kuma shuɗi-shuɗi ce mai haske da farin zobe kewaye da ƙofar hanci. Wannan shuɗin ne ke yaudarar mutane. A shekarata ta farko an sayar mini da mata biyu a matsayin miji da mata, na yi ta murna da ƙwai goma sha ɗaya a akwati guda, na jira wata cur, ko ɗaya bai fashe ba. Haka nan namijin da yake rawaya zalla ko fari zalla mai jan ido, fatar hancinsa ba ta komawa shuɗiya har ya tsufa.

Shekaru kuma a goshi da ido ake karanta su. Ɗan da bai kai wata uku zuwa huɗu ba yana da baƙin zane-zane har bakin hanci, idonsa kuma baƙi ƙirin ne. Bayan sakin gashi na farko goshin yakan washe, daga baya farin zobe ya bayyana a ido.

Duk sabon tsuntsu a killace shi kwana talatin a wani ɗaki dabam, a riƙa ba shi abinci bayan an gama da na gida. Idan aka ga farin ɓawo mai ƙananan huji kamar saƙar zuma a baki ko ƙafa, wani ƙwaro ne da ido ba ya gani. Maganinsa ɗigon aibamektin a fatar ƙeya, amma likitan dabbobi ne zai auna, domin wanda ake yi wa shanu ya fi ƙarfin tsuntsu mai giram talatin nesa ba kusa ba. In babu likita a kusa, a riƙa shafa basilin kaɗan a wurin duk bayan kwana biyu, ana kauce wa ƙofar hanci. Akwai kuma zazzaɓin aku, wanda ke kama mutum ta ƙurar busasshen kashi, saboda haka a yayyafa ruwa kafin shara, a rufe hanci, kuma wanda zazzaɓi da tari suka kama ya gaya wa likita cewa yana kiwon tsuntsaye.

Mataki na 3: Gina jiki kafin aure

A nan mu muke da sa'a, domin gero, wanda masu kiwo a Turai ke sayen danginsa a leda, shi ne abincinmu. Ina haɗa mudu biyu na gero da mudu ɗaya na acha mai ƙaiƙayi, in an sami ƙwayar abincin kanari da ake shigowa da shi a ƙara mudu ɗaya. A tambayi mai hatsi ko an sa wa buhun maganin ƙwari, in akwai shakka a wanke a shanya sosai, in ya yi warin fumfuna kuma a zubar. Hanya mai sauƙi ta gwada hatsi ita ce a jiƙa cokali ɗaya a kan tsumma mai laima: wanda ya tsira cikin kwana uku mai rai ne.

Baji ɓare ƙwaya yake yi ya bar ƙaiƙayin a cikin kwano. Mai farawa zai leƙa ya ga kwano cike ya wuce, alhali ƙaiƙayi ne zalla a sama, tsuntsun kuma ba ya tono. Kowace safiya a fitar da kwanon a hure shi, sannan a ƙara sabo. Tsuntsu mai wannan ƙanƙanta ba ya jure yunwar kwana biyu.

Gero kaɗai ba ya riƙe mace mai ƙwai. Makonni shida kafin aure a fara ba su ganyen zogale, alayyahu, gurzajjen karas da geron da aka jiƙa ya fara tsiro, tare da dafaffen ƙwai da aka murmushe sau biyu ko uku a mako, kuma a kwashe ragowar bayan awa biyu saboda zafinmu na saurin lalata shi. Don ƙarfin ɓawon ƙwai ana rataya musu farin ƙashin kifin teku da ake sayarwa a shagunan kayan tsuntsaye. Idan babu, a tafasa ɓawon ƙwan kaza minti goma, a shanya, a daka, a zuba a kwano dabam. Kada a ba su fiya, wato abokado, domin guba ce gare su, haka ma albasa da cakulan da abinci mai gishiri. A wannan lokaci maza da mata a raba su, kowane ɓangare na shawagi yana ƙarfafa fiffike.

Mataki na 4: Wa za a haɗa da wa, kuma yaushe

Kada a haɗa macen da ba ta cika wata goma ba, shekara ɗaya ma ta fi, ko da ta nuna tana so tun tana wata biyar. Alamar shirinta ita ce fatar hanci ta yi ruwan ƙasa, tana gwaguyar duk katakon da ta samu, tana kiran maza. Namiji kuma yakan riƙa ƙwanƙwasa sanda da baki, yana gyaɗa kai, yana ciyar da abokan zamansa. In ɗaya ya shirya ɗaya bai shirya ba, ko ɗaya na cikin sakin gashi, a jira. A yanayin arewa na fi samun nasara daga ƙarshen damina, wato Oktoba, zuwa Fabrairu. Daga Maris zuwa Mayu akwati kan zama tanda, 'yan tsaki su mutu a ciki, don haka a wannan tsakani nake sauke akwatuna gaba ɗaya.

Ilimin gado da mai farawa ke buƙata kaɗan ne. Kore yana rinjayar shuɗi: kore tsantsa da shuɗi za su ba da 'ya'ya kore duka, amma kowannensu na ɗauke da shuɗi a ɓoye, kuma in aka haɗa irin waɗannan biyu, kusan ɗaya cikin huɗu zai fito shuɗi. Shuɗi da shuɗi ba sa haifar kore. Jan ido kuwa ta jinsi yake bi: namiji mai jan ido da mace mai launin yau da kullum, duk 'ya'yansu mata za su zo da jan ido, mazan kuma su ɗauke shi a ɓoye, ka ga tun a akwati ka san jinsin kowa. Amma mai nufin gasa kada launi ya ɗauke masa hankali. Siffa ake fara dubawa, kuma ƙa'idar ita ce kada a haɗa biyu masu aibi iri ɗaya. In namiji ƙaramin kai gare shi, a nema masa mace mai faɗin kai. Wa da ƙanwa ba a haɗa su. Tun ran gini tun ran zane, tsuntsun da zai ci gasa baɗi a wannan zaɓen ake samar da shi.

Wasu suna zuba maza da mata da yawa a babban keji su jera akwatuna. Yana da sauƙi, amma ba za ka san uban kowa ba, kuma matan baji suna da kishi mai tsanani. Da idona na ga mace ta shiga akwatin wata ta farfasa kawunan 'yan tsaki huɗu don tana son wurin. Wanda dole ta sa shi yin haka, ya rataya akwatuna ninki biyu na yawan matan, duka a tsayi ɗaya, kuma kada ya bar mace marar miji a ciki.

Mataki na 5: Akwati, ƙwai da kwanci

A saka su a kejin aure su yi kamar mako guda. Idan aka ga namiji na ciyar da ita baki da baki, tana kwantar da baya tana ɗaga wutsiya, to lokacin rataya akwati ya yi. A zuba dusar katako cikin tafin hannu ɗaya. Mace za ta watsar da mafi yawa, kada a damu. Ga manyan na gasa, a rage gashin da ke kewaye da dubura da almakashi, na namiji da na mace, domin cikarsa na hana barbara kamawa.

Ƙwan farko yakan zo cikin kwana goma zuwa mako biyu. Kafin nan kashinta zai ƙaru ya yi girma, gindinta ya ɗan kumbura. Tana yin ƙwai ɗaya ta tsallake rana, har huɗu zuwa shida, wani lokaci takwas. A rubuta ranar kowanne a littafi, a ɗiga masa lamba da fensir mai laushi. Kwanci kwana 18 ne, amma mata da yawa sai a ƙwai na biyu suke zama sosai, don haka kada a yanke ƙauna da ƙwai sai ya wuce kwana 23. A rana ta shida ko ta bakwai a haska shi da tocila: mai rai zai nuna jajayen jijiyoyi kamar saiwa, fanko kuma haske zai ratsa shi tas. Kada a kwashe fankon duka lokaci ɗaya, ɗaya ko biyu suna taimaka wa ƙananan 'yan tsaki su jingina, su kuma hana uwar danne su. Ana duba akwati sau ɗaya a rana, lokacin da ta fito cin abinci, bayan an ɗan ƙwanƙwasa, da hannu mai tsabta.

Hunturu yana da nasa sharrin. Bushewar iska kan sa fatar cikin ƙwai ta yi tauri, ɗan tsako ya cika amma ya kasa fasowa. A ajiye kwanon wanka marar zurfi a keji domin uwar ta jiƙa gashin cikinta, a rataya jiƙaƙƙen buhu kusa, da dare kuma a rufe gefen da iska ke bugowa.

Idan aka tarar da mace a ƙasan keji ta kumbura gashi tana nishi, ƙwai ne ya maƙale. A sa ta a kejin jinya wuri mai ɗumi, kusa da kwanon ruwan zafi mai tururi, a ɗiga mata ruwan sinadarin kalsiyam a gefen baki in akwai, a nemi likita. Kada a matsa cikin da yatsa, domin in ƙwan ya fashe a ciki da wuya ta tashi. Wadda ta tsira a hutar da ita sai wata shekara.

Mataki na 6: 'Yan tsaki da sa zobe

Ɗan tsako yana fitowa tsirara, ido a rufe, bai fi kan ɗan yatsa ba, kuma tunda ƙwan ba rana ɗaya aka yi su ba, babba kan girmi auta da kwana takwas ko goma. Abin dubawa safe da yamma shi ne jakar abincin da ke gindin wuyansa: in uwar na ciyarwa za a hango farin abu kamar kunu ta cikin fata. Sabuwar uwa wani lokaci ba ta gane abin da ake nufi da kukan jaririn ba. Dabarar ita ce a ɗauko ɗan kwana huɗu daga wani akwati a sa mata, ƙarar kukansa za ta sa ta fara ciyarwa, daga nan ta haɗa da nata. Wannan ne dalilin da ya sa nake haɗa aure biyu ko uku a mako ɗaya, don a sami inda za a kai riƙo in wata ta gaza, ko in 'ya'ya sun wuce biyar a akwati.

Zoben gasa rufaffe ne, yana ɗauke da lambar mai kiwo da shekara da lambar tsuntsu, kuma tsakanin kwana shida da goma kawai yake shiga. Baji yatsu biyu ne a gaba, biyu a baya. A haɗa dogayen uku a miƙe su gaba, a zura zoben ya wuce dunƙulen ƙafa, a kwantar da ƙaramin yatsan baya a jikin ƙafa zoben ya hau kansa, sannan a zaro yatsan a hankali da tsinken ashana. Washegari a duba, domin wasu iyaye kan cire shi. Wanda bai sami rufaffen zobe ba ya yi amfani da na roba mai tsaga, launi dabam ga kowane gida. Zai riƙe masa lissafi, ko da yake gasa ba ta karɓarsa a matsayin shaidar kiwo.

Daga mako na biyu a riƙa canza dusa duk bayan kwana uku, a kankare kashin da ya daskare a yatsu da ruwan ɗumi, a kuma duba cikin baki na sama, domin abincin da ya bushe a wurin yana karkatar da baki har abada. Ɗan da ƙafafunsa suka tale gefe, santsin ƙasan akwati ne ko nauyin uwa ya jawo. In an gani da wuri, a huda soso mai laushi huji biyu a zura ƙafafun su tsaya daidai na kwana bakwai zuwa goma. Uwar da ke fige gashin 'ya'yanta a cire ta a bar wa uban, in sun kai mako uku zai ƙarasa renon shi kaɗai.

Mataki na 7: Yaye da hutu

Tsakanin kwana 30 da 35 suke fitowa daga akwati. A nan hatsari yake, domin uwar ta fara shirin zagaye na biyu kuma tana iya far musu. A kifa ɗan kwali mai ƙofa a ƙasan keji su riƙa fakewa, a zuba gero a faranti a ƙasa tare da zangarniya. Sai an ga ɗa yana ɓare ƙwaya da kansa, wajen mako shida, ake mai da shi kejin yara. Zagaye biyu ya ishi mace a shekara. Bayan na biyu a cire akwati ko tana so ko ba ta so. In aka ga 'ya'ya na zubar da dogayen gashin fiffike da wutsiya da zarar sun fito, suna gudu a ƙasa ba sa tashi, ƙwayar cuta ce da ba ta da magani. A dakatar da kiwo na wasu watanni, a wanke komai, akwatunan kuma a ƙone su.

Mataki na 8: Tace na gasa

Gasar baji a Ingila ta kafu, inda aka kafa ƙungiyar masu kiwonsa a 1925, sannan aka kafa ta duniya a 1994, wadda ke fitar da ma'aunin da ƙasashe da dama ke bi. Ana raba masu shiga bisa gogewa, daga mai farawa har zuwa zakara, tsuntsaye kuma bisa launi da jinsi da shekaru. Abin da alƙali ke nema shi ne tsuntsu mai cikakkiyar lafiya da gashi, mai babban kai zagayayye da faɗin kafaɗa, wanda jikinsa ke tsukewa a hankali har zuwa wutsiya, yana tsaye a kan sanda ba tsoro, a ɗan karkace digiri 30 daga miƙewa. Fikafikai su kwanta a kan gindin wutsiya ba tare da sun haɗe sun gitta juna ba, dogayen gashin wutsiya biyu su cika, goshi ya zama fes babu ɗigon baƙi. A ƙasan fuska kuma ana son manyan baƙaƙen ɗigo shida a jere da tazara ɗaya, na gefe biyu suna ɗan ɓuya ƙarƙashin tabon kunci.

Kada a yanke wa ɗa hukunci kafin ya gama sakin gashi na farko, wasu ma sai na biyu suke nuna kansu. Kuma mafi kyawun tsuntsu in yana cikin sakin gashi a ranar, wanda bai kai shi ba zai doke shi. Inda babu ƙungiya a kusa, masu kiwo biyar ko shida na iya haɗuwa da kejin nuni iri ɗaya, su ɗora wanda ba shi da tsuntsu a ciki ya yi alƙalanci da wannan ma'auni. Ido ba ya koyon siffa sai an jera tsuntsaye kafaɗa da kafaɗa.

Mataki na 9: Horo da gyara

Kejin nuni ƙarami ne, faɗinsa kamar santimita 35, tsayi 30, zurfi 16, baƙi a waje, fari a ciki, da rufi mai gangare da sanduna biyu. Tun ɗa yana wata biyu ake fara saka shi ciki na awa ɗaya, ana ƙarawa a hankali, ana wucewa ta gabansa da hula ko babbar riga, ana motsa shi daga sanda zuwa sanda da siririn tsinke kamar yadda alƙali zai yi. Wanda ya nace wa zaman ƙasa, a kifa kejin, gangaren rufin zai tilasta masa hawa sanda.

Saura mako takwas a duba wutsiya da fiffike, a cire karyayyen gashi, domin sabo na ɗaukar mako shida zuwa takwas kafin ya cika. In lokaci ya ƙure a bar shi yadda yake. Saura mako uku a fara fesa masa ruwan ɗumi da safe, kullum ko bayan kwana ɗaya, ya bushe kafin yamma, wanda hakan ke sa shi gyaran jiki har gashin ya kwanta ya yi sheƙi. A daina feshin saura kwana biyu. Ɗigon wuya yawanci sun fi shida, don haka saura kwana uku ko huɗu a riƙe tsuntsun, a fara tantance shidan da za a bari, sannan a cire ƙananan da hantsaki ɗaya bayan ɗaya, ana mai da shi keji ana dubawa bayan kowane biyu. A fara koyo a kan tsuntsun da ba zai je gasa ba, domin in aka fige babban ɗigo bisa kuskure sai bayan kusan wata guda zai dawo.

Mataki na 10: Ranar gasa da komowa

A wanke kejin nuni tas, a shimfiɗa gero a ƙasansa, a manna takardar aji, wato ta rukunin da tsuntsun zai shiga, a inda aka umarta, kuma kada a sa wata alama da za ta nuna mai shi. A hanya a lulluɓe kejin da yadi mai shan iska, a kauce wa rana da bayan mota mai zafi, a isa da wuri domin tsuntsu ya natsu ya sha ruwa kafin a fara. Bayan an gama hukunci, a nemi alƙali cikin ladabi a tambaye shi abin da ya rage wa tsuntsun, a rubuta amsar a shafinsa na littafi kusa da sunan iyayensa, domin da ita za a yi zaɓen aure na gaba. Da an dawo gida kada a mai da shi cikin 'yan'uwansa kai tsaye: ya yi mako biyu a kejin killacewa da zangarniyar gero da ruwa mai tsabta ana lura da kashinsa da numfashinsa, kuma kada a sake fita da shi wata gasa sai ya huta aƙalla mako biyu zuwa uku.